Mai Rubuta Mana Wasiƙa

A shagon Ayuba mai aski a Kakuri na gan ka,
a talabijin ɗin da aka ɗaure da waya saman taga.
Ka yi ƙiba, Tsalha.
Kwat ɗinka ya fi fanshona na wata uku.
An rubuta Kanar a ƙarƙashin haɓarka,
kana bin taswira da sanda
kamar mai korar awaki daga gonar wani.

Ka ce, "Ranar da muka riƙe gadar nan,"
sai reza ta ci ƙeyata,
don na zabura ban sani ba.

Muka riƙe?
Mu goma sha ɗaya ne a bakin gadar.
Har yau ina ƙirga mu da yatsun hannu,
in ari ɗaya daga ƙafar da ta rage mini.
Kai kana can baya, mil arba'in, a sito,
kana lissafin barguna da gwangwanin kifi,
igiya biyu a damtsenka, ba ta taɓa zama uku ba.

Amma kai ne mai biro.
Mu da ba mu yi boko ba, wurinka muke zuwa da dare,
mu tsuguna gaban fitilar ƙwai,
mu faɗa, ka rubuta.
Mamuda ya ba ka labarin kwana uku ba ruwa
alhali kogi na gudu a ƙarƙashinmu,
da yaron da ya mutu yana tambayar ƙarfe nawa.
Sannan ya ce kada ka sa wannan,
tsohuwarsa ba za ta yi barci ba.
Ba ka sa ba.
Ashe ajiya ka yi.
Bayan shekara talatin ga shi a bakinka,
har da ɗan shirun da yake yi kafin ya ce "yaron".
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu an tono fayil.
Daga Kawo har Kasuwar Barci
sunanka sojan gona.
'Yan adaidaita suna kwaikwayon muryarka a bakin gada,
tamu ta nan, wadda ba wanda ya mutu don ta tsaya.
Na ɗauka zan ji sanyi a raina.
Ban ji ba.

Jiya wani ɗan jarida ya zo gidana a Kabala,
yaro ne, gemunsa bai gama haɗuwa ba.
Ya aje waya kan tabarma, ya ce,
"Baba Habila, yi mana gaskiya: ya yi yaƙi?"

Saratu tana tsakar gida tana tankaɗe.
Wasiƙarka ce ta kawo ta gidan nan,
kalmomin da na ba ka huɗu ne, ka mai da su shafi biyu.
A asibitin sojoji, da aka yanke ƙafar,
kai ka zo da lemo cikin leda,
ka zauna har la'asar ba ka kalli bargon ba.
Sau bakwai ka rubuta wa ofishin fansho dominmu,
ko sisi ba ka karɓa ba.
Kuma in ka yi shiru, Tsalha,
wa zai ƙara ambaton gadar?
Mu ba a taɓa kunna mana fitila a fuska ba.

Na ce wa yaron, "Bai taɓa harba harsashi ba. Rubuta.
Amma labarin ba ƙarya ba ne, mai shi ne ba shi ba.
Tsaya in ba ka sunayen masu shi."

Ya duba agogo, ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa.
Na fara duk da haka:
Mamuda, Ishaya, Ɓaidu, Gwamna ɗan Kafanchan,
Sale Dogo, Sale Gajere...
Ina kan na bakwai wayar ta mutu.
Na ƙarasa wa Saratu sauran.